Yadda Ake Karanta Rahoton Duba Gida da Wayoyin Lantarki: Bayani ga Majinyata da Iyalansu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Idan likita ya sallami majinyacinku daga asibiti, jinyar za ta ci gaba ne a gida, kuma gidan da za a koma yana iya taimaka wa lafiya ko ya ƙara jawo wata cutar. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ba zai iya fizge hannunsa da sauri ba idan wuta ta ja shi. Mai farfaɗiya yana iya faɗuwa a kan hita. Mai amfani da na'urar iskar oksijin yana buƙatar soket mai lafiya dare da rana. Shi ya sa iyalai da yawa suke kiran ma'aikaci ya duba musu gida kafin su kama haya, ko bayan an sha tartsatsin wuta, ko kafin a dawo da mara lafiya.

Matsalar ita ce rahoton da ake bayarwa yawanci da Turanci yake, cike da lambobi da gajerun haruffa, sai mutum ya duba layin ƙarshe kawai ya ajiye takardar. Wannan bayani zai nuna muku yadda za ku karanta shi: ku ware abin da zai iya kisa yau, da abin da zai iya kisa idan wani abu guda ya ƙara lalacewa, da abin da gyara ne kawai na inganci, sannan ku lura da wuraren da ba a duba ba sam.

Su wa ke da hurumin duba gida?

A Kano akwai hukumomi daban-daban, kuma kowace da iyakar aikinta.

Duba-gari, wato jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma da na jiha, suna duba tsafta: masai, kwata, shara, rijiya, shigar iska, cunkoso a ɗaki da kiwon dabbobi a cikin gida. An kafa majalisar da ke yi musu rajista a Najeriya a shekarar 2002. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku suna ƙarƙashin sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Duba-gari zai iya rubuta cewa ya ga tsirarar waya a banɗaki, amma auna lafiyar wayoyi ba aikinsa ba ne.

NEMSA ita ce hukumar gwamnatin tarayya mai binciken aikin lantarki. Dokar 2015 ce ta kafa ta, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta wannan iko. Tana gwada sabon aikin wayoyi, tana gwada mita, tana kuma ba ma'aikatan haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa.

KEDCO shi ne kamfanin da ke raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun watan Nuwamba na 2013. Taransifoma, turaku da layin da ya zo har mita suna wuyansa. Daga mita zuwa cikin gida kuwa alhakin mai gida ne. Idan kun kai wa kamfanin ƙorafi ba a biya muku buƙata ba, mataki na gaba shi ne ofishin sauraron ƙorafi na hukumar NERC.

Mai gyaran wuta na unguwa shi ne wanda aka fi kira. Da yawansu sun iya aiki, amma kafin ku dogara da hukuncinsa ku nemi ganin takardar shaidarsa ta NEMSA, ku kuma tambaya ko yana da na'urorin awo. Abin gwajin nan mai kama da sukundireba yana nuna akwai wuta ne kawai, ba ya nuna ko wayoyin suna da lafiya.

Abubuwan da dole ku gani a rahoto

Ko an buga rahoton ne a kwamfuta ko an rubuta da hannu, ku tabbatar yana ɗauke da waɗannan:

- Suna, sa hannu da lambar shaidar wanda ya yi binciken.
- Adireshin gidan da ranar da aka duba.
- Iyakar binciken: ɗakuna nawa aka shiga, an hau silin ko ba a hau ba, an haɗa da janareta da sola ko wutar nepa kaɗai aka duba.
- Sakamakon awo da lambobi, tare da iyakar da aka gwada kowace lamba da ita.
- Jerin matsalolin da aka gano, kowace da wurinta da matakin haɗarinta.
- Hukuncin ƙarshe da ranar da ya kamata a sake dubawa.

Idan da baki aka yi muku bayani, ku roƙi a rubuta. Ɗan haya ba shi da abin nuna wa mai gida ko dillali idan babu takarda.

Matakan haɗari: C1, C2, C3 da FI

Tsarin wayoyin gidaje a Najeriya ya samo asali ne daga na Ingila: wuta mai ƙarfin bolt 230, da filogi mai ƙafa uku mai ɗaukar amfiya 13. Don haka wasu injiniyoyi suna amfani da haruffan da ake amfani da su a can wajen jera matsaloli. Ko da rahotonku bai zo da su ba, ku sa mai binciken ya raba muku matsalolin bisa wannan tsari, domin shi ne zai nuna muku inda kuɗinku zai fara tafiya.

C1: akwai haɗari yanzu. Wanda ya taɓa zai iya mutuwa ko ya ƙone. Misali: fasasshen soket da ƙarfen ciki ya fito, tsirarar waya a inda yaro zai kai hannu, ƙofar ƙarfe ko famfo mai jan mutane. Ba a kwana da C1. Ya kamata mai binciken ya kashe wannan layin kafin ya bar gidan.

C2: haɗari yana jiran dalili. Yau babu abin da ya faru, amma da zarar wani abu ya lalace babu abin da zai kare mutum. Misali: gida ba shi da wayar ƙasa, an ɗaure fiyus da zaren waya, an ja esi da siririyar waya. Wannan yana buƙatar gyara cikin gaggawa, kuma shi mutane suka fi rainawa saboda fitila tana kamawa, fanka tana juyawa.

C3: shawarar inganta aiki. Babu haɗari a bayyane, amma aikin bai kai tsarin zamani ba. Misali: ba a rubuta sunan kowane layi a akwatin rarraba wuta ba.

FI: sai an ƙara bincike. Mai dubawa ya ga alamar da bai gano tushenta ba, kamar bireka mai yawan faɗuwa ko waya da ba a san inda ta nufa ba. Ku ɗauke shi da muhimmancin C2 har sai an gano.

Ƙa'idar hukunci a wannan tsari mai sauƙi ce: C1 ko C2 guda ɗaya tak ya isa a ce wayoyin gida ba su gamsar ba. Idan C3 ne kaɗai, gidan ya tsallake. Saboda haka idan kun ga an rubuta cewa komai lafiya a shafin farko, alhali a ciki akwai C2, rahoton ya saɓa wa kansa, sai ku nemi bayani. A Ingila, tun shekarar 2020 doka ta wajabta wa masu ba da haya su sa a yi wannan bincike aƙalla duk shekara 5, su kuma gyara abin da aka gano cikin kwana 28. Wannan ba dokar Kano ba ce, amma ma'auni ne mai kyau da za ku iya kafa hujja da shi wajen tattaunawa da mai gida.

"Ba a duba ba" ba ya nufin "lafiya lau"

A gaban wasu layuka za ku iya ganin LIM ko N/V. Na farko yana nufin wani abu ya hana a duba wurin, na biyu yana nufin ba a tabbatar ba. N/A kuwa yana nufin abin bai shafi gidan ba. Dalilan da suka fi yawa su ne ɗaki yana kulle, ba a samu hanyar shiga silin ba, ko babu wuta a lokacin binciken. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a Kano, domin wasu gwaje-gwajen, kamar gwada saurin faɗuwar na'urar kariya, sai da wuta ake yin su. Idan an zo lokacin da aka ɗauke wuta, ku sa a dawo a ƙarasa.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, gidaje da dama an gina su ne tun ana amfani da ƙwan fitila da fanka da rediyo kawai. Daga baya aka ƙara ɗakuna, aka fitar da shaguna a gaban gida, aka sa firji, esi da injin jan ruwa, duk a kan tsoffin wayoyi. Mahaɗar waɗannan ƙare-ƙaren galibi tana cikin silin, inda zafi da ɓeraye suke cin rigar waya. Rahoton da bai leƙa silin ba ya bar wurin da gobara ta fi farawa.

Ma'anar lambobin awo

Don ku gane amfanin lambobin, ku fara sanin yadda wuta take illata jiki. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, ana auna ta da miliyamfiya, ana rubuta mA. A wajen 1 mA mutum zai ji ɗan tsikari. Daga 10 zuwa 20 mA tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa har mutum ya kasa sakin wayar. Daga wajen 50 zuwa 100 mA, idan ta bi ta ƙirji, bugun zuciya yana iya rikicewa har ta daina tura jini. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta tarewa. Mutumin da yake tsaye babu takalmi a jiƙaƙƙen siminti zai iya samun sama da 200 mA daga soket na gida. Wannan ne dalilin da ya sa banɗaki, wurin alwala, wurin wanki da bakin rijiyar burtsatse suka fi ko'ina haɗari.

RCD 30 mA. Wannan na'ura ce da ake sawa a akwatin rarraba wuta. Tana lura da wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan wani ɓangare ya zurare ta jikin mutum ko ta ƙasa, sai ta yanke wutar cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Tana da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, ku riƙa danna shi aƙalla duk wata 6. Idan kun danna wuta ba ta yanke ba, na'urar ta mutu.

MCB ko bireka. Aikinta kare waya daga zafi idan kaya sun yi yawa. Bireka mai amfiya 20 ba za ta faɗi ba don 100 mA ta ratsa mutum. Gida mai bireka kaɗai yana da kariya daga gobara, amma mutanen cikinsa ba su da cikakkiyar kariya daga jan wuta.

Wayar ƙasa. Ita ce mai launin kore da rawaya, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka binne. Idan wuta ta zurare zuwa jikin firji ko injin wanki, ta nan za ta bi. Ana auna ta da om, alamarsa Ω, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Ku duba watan da aka yi awon: jiƙaƙƙiyar ƙasar watan Agusta tana ba da lamba mai kyau, wadda za ta iya hawa sosai idan ƙasa ta bushe a watan Maris.

Lafiyar rigar waya. Ana auna ta da megaom, ana rubuta MΩ. A nan babbar lamba ce mai kyau. Ƙasa da 1 MΩ faɗuwa ce, tana nuna rigar ta tsufa, ta jiƙe ko ta ƙone.

Kaurin waya. A al'ada ana jan fitilu da waya mai 1.5 mm², soket da 2.5 mm², manyan kaya irin su hitar wanka da kukar lantarki da 4 mm² ko 6 mm² gwargwadon nauyinsu. Jabun wayoyi suna da ƙarancin jan ƙarfe a ciki duk da an rubuta musu lamba daidai, don haka ku nemi mai tambarin hukumar SON.

Nauyin soket. Filogi mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000. Hita mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,200 a kan jona guda sun riga sun wuce iyaka. A lokacin hunturu, da ake yawan dafa ruwan wanka, wannan lissafi yana da muhimmanci ƙwarai.

Janareta, sola da layin waje

Gida mai tushen wuta biyu ko uku yana buƙatar makunnin sauya layi, wanda masu gyara ke kira cenja-oba. Idan rahoto ya ce babu shi, ku ɗauki wannan a matsayin babban haɗari: wutar janaretanku za ta iya komawa kan layin unguwa ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta. Haka kuma faifan sola da batir suna ɗauke da wuta ko da nepa ta ɗauke. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko rufaffen wuri.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba marar launi marar wari. Ba a kunna shi a soro, a baranda mai rufi ko a kicin. Ya kasance a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6. Idan mutanen gida suka tashi tare da ciwon kai, jiri da amai, ku fitar da kowa waje ku tafi asibiti.

Idan fitilun wani sashe suna yin haske fiye da kima yayin da na wani sashen suke dusashewa, wataƙila wayar dawowa ce ta katse, kuma ƙarfin wuta zai iya hawa zuwa kusan bolt 400. Ku kashe babban makunni ku sanar da KEDCO. Game da gini kusa da manyan layuka kuwa, ƙa'idar Najeriya ta tanadi tazarar mita 5.5 ta kowane gefe ga layin 11kV da 33kV, mita 15 ga 132kV, da mita 25 ga 330kV. Ku tuna da wannan kafin ku ɗora bene, tankin ruwa ko eriya.

Idan akwai mara lafiya a gidan

Mai binciken bai san halin majinyacinku ba sai kun faɗa masa. Abin da ya rubuta a matsayin C3 a gidan masu lafiya zai iya zama na gaggawa a naku.

- Mai amfani da na'urar oksijin: a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango ita kaɗai. Oksijin yana ƙara wa wuta ƙarfi, don haka a nisanta ta da murhu, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da sigari da aƙalla mita 3. Ku tattauna da likita kan abin da za ku yi idan an ɗauke wuta.
- Mai shanyewar ɓarin jiki ko tsoho: a kawar da wayoyin da ke kwance a ƙasa, a sa fitila mai caji a hanyar banɗaki.
- Mai farfaɗiya: kada a bar hitar tsomawa a bokiti a inda yake, kuma RCD ta zama dole a layin banɗaki.
- Mai ciwon sukari: jijiyoyin ƙafa da hannu suna iya mutuwa har ya ƙone bai ji ba. Allurar insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka layin firji ya kasance mai lafiya.
- Ƙananan yara: a rufe soket na ƙasa, a ɗauke wayar caja daga inda za su sa a baki.

Takardar duba-gari

Idan duba-gari ya ga abin da ke barazana ga lafiya, yakan ba da takardar gargaɗi mai ɗauke da abin da ya gani, gyaran da ake so da wa'adin da aka bayar. Wanda bai gyara ba ana iya gurfanar da shi a kotu. Ku nemi ganin katin shaidarsa, ku karanta wa'adin, ku ajiye kwafi. Abin da ya fi shafar lafiya a irin wannan takarda shi ne kusancin masai da rijiya. Shawarar masana ita ce tazarar kamar mita 30, abin da ke da wuya a cunkusassun unguwanni. Idan taku ba ta kai ba, ku riƙa tafasa ruwan sha ko sa masa sinadarin kulorin, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa.

Abin yi bayan karɓar rahoto

1. Ku kashe duk layin da ke da C1 a ranar.
2. Ku kai wa mai gida kwafi, ku riƙe na asali, ku yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya da ranar gamawa. Idan an samu saɓani, mai unguwa yana iya shiga tsakani.
3. Idan kuɗi ba su isa a yi duka ba, ku fara da C1, sai wayar ƙasa da RCD, sai cenja-oba, sai sauran C2.
4. Bayan gyara a sake awo, a rubuta sabbin lambobi.
5. Ku sake dubawa duk shekara 5 a gidan haya, ko 10 a gidan kanku, ko nan take bayan gobara, ambaliya ko ƙarin gini.

Kada ku jira lokacin bincike idan kun ji warin ƙonewar roba, kun ga soket ya yi baƙi ko yana zafi, kun ji ƙarar tartsatsi a bango, ko famfo yana ɗan jan hannu.

Idan wuta ta ja mutum

Kada ku taɓa shi yana manne da wuta. Ku kashe babban makunni, ko ku ture wayar da busasshen katako kuna tsaye a busasshen wuri. Idan babban layi ne ya faɗo, ku tsaya nesa da aƙalla mita 10, ku hana kowa matsawa, ku kira 112 da KEDCO. Idan ba ya numfashi, ku fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya zo. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsafta na minti 20, a rufe da tsaftataccen ƙyalle. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko toka. Ba a kashe gobarar lantarki da ruwa sai an yanke wutar.

Ku kai shi asibiti nan take idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, yana da ƙuna, wani sashen jikinsa ya yi sanyi ko ya mutu, fitsarinsa ya koma kalar shayi, ko mace ce mai juna biyu. Ƙunar lantarki tana iya zama ƙarama a fata alhali ta cinye tsoka a ciki, kuma hakan yana iya taɓa ƙoda. Yaron da ya ƙone a leɓe saboda tauna waya yana iya zubar da jini bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka dole likita ya gan shi ko da ciwon ya yi kamar ƙarami. Ga mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana kusa. Ku gaya wa likita irin wutar da ta ja shi, tsawon lokacin da ya yi manne da ita, da ko jikinsa a jiƙe yake.